Ƙaho a Gwiwar Inna

Mahaifiyata, Inna Zaituna, ta yi shekara talatin tana yi wa matan unguwarmu wankan jego. A gidajen da ke kewaye da rijiyar Kusugu, da wuya ka sami wanda ba ta shiga da damin ganyen darbejiya ba. Ita ke sa a ɗora ruwa, ita ke tsoma ganye ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har a yi arba'in, ita ke gasa ciki, ita ke dama kunun kanwa. Amma ni da ta haifa ba ta taɓa yi mini ba.

Ni ce 'yar fari, Haulatu, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ko sunana Inna ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "waccan". Da na zo haihuwar fari gidan yayar Baba aka kai ni, ita ta yi mini wanka. Inna takan leƙo ta gaishe ta, ta ajiye kwanon tuwo, ta fita ba ta dubi inda nake ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Duk da haka ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna yana yi.

Bayana maza huɗu ta jera, sannan Siddiƙa, wadda kowa ke kira Auta. A kan Auta babu kunya ko ta sisin kwabo. Ita kaɗai ce 'yar da Inna za ta iya yi wa wanka da hannunta, kuma tun Auta tana firamare Inna ke faɗin haka a gaban kowa. "Wannan ni zan yi mata, ko da rarrafe ne." Mu yi ta dariya, Auta ta rufe fuska ta ruga ɗaki. Aka yi mata aure aka kai ta Dutsi, shekara ba ta zagayo ba sai ga labarin ciki.

Sai dai kafin nan gwiwar Inna ta dama ta riga ta gaza. In ta miƙe kana jin ƙararta daga bakin ƙofa, kamar ana taka busasshen kara. Wankan jego kuwa aikin tsaye ne da sunkuyo, ka kamfato ruwa yana tururi, ka zagaya mai jego gaba da baya, ka durƙusa ka gasa, ka tashi. Shekara biyu ke nan Inna ba ta karɓi wankan kowa ba. Ta bar wa maƙwabciyarmu Hasana, wadda Inna ke cewa ruwanta bai fi na alwala zafi ba.

Mahaifina Hussaini wanzami ne, gado tun daga kakan kakansa. Ran kasuwar Mai'aduwa fatake na bin layi a gabansa, har daga Kongolam ake zuwa nemansa. Shekara takwas yana yi wa gwiwar Inna ƙaho. Zai kafa ƙahon ya zuƙa, ya cire ya yi tsaga da aska, ya sake kafawa, jini ya taru baƙi ƙirin ya zubar a ƙasa ya rufe. Takan sami sauƙi kwana biyu ko uku, ciwon ya dawo. Shi bai taɓa ɗaukar wannan gazawa ba. A wurinsa ciwo abu ne da ke shiga jiki, magani kuwa shi ne a fitar da shi. Ga shi da tsananin kishin sana'arsa, ko asibiti aka ambata a gabansa sai ya sami abin da zai gyara a zabirarsa.

Ni malamar makaranta ce a Katsina, kuma kowa a gidanmu ya san ni da gaggawa da saurin fushi. Da na ji labarin cikin Auta, na zo na ɗauki Inna na kai ta aka yi mata hoton ƙafa. Likita ya nuna mini. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya cinye, saura kaɗan ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Ya kawo maganar tiyata a sa mata gwiwar ƙarfe. Inna ta gyara mayafi ta ce yadda Allah ya kawo ta haka za ta koma, ba da ƙarfe ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani asibiti a Abuja inda ake wata sabuwar allura. Daga jikin mutum ake ɗibar maganin. A zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a sa a na'ura ta tace ƙwayoyin halittar da jiki ke gyara kansa da su, a ɗura su cikin gwiwa. Da na yi wa Inna bayani ta ce, "Nawa ne za a mayar mini?" Na ce nata ne. Ta ce to in haka ne a je.

Sai maganar Baba ta taso. Na san in na ce masa za a huda ƙashin matarsa a zuƙi ɓargo, magana ta ƙare, don ko ƙofar gida ba za ta taka ba. Na kuma san zai ji kamar an ce masa shekara takwas ɗin nan wasa yake yi. Na same shi a zaure yana wasa aska, na durƙusa na ce allurar rage ciwo ce kawai, irin wadda ake yi wa kowa, sai dai a Abuja ake samun mai kyau. Bai ɗago ba ya ce, "Allah ya sa a dace." Da na koma ciki na ce wa Inna ta bar maganar a haka. Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

Likitan Abuja bai yi mana ƙarya ba, wannan zan shaide shi. Ya ce ba sabuwar gwiwa za ta tsiro ba, kuma har yanzu masana ba su gama tabbatar da aikin allurar ba. Wasu kan sami sauƙin ciwo su koma tafiya, wasu ba sa ganin komai. Inna ta tambaye shi abu ɗaya.

"Ɗana, nan da wata biyar zan iya tsayuwa rabin awa?"

"Mama, ba zan yi miki alkawari ba. Amma akwai fata."

An kwantar da ita rubda ciki aka zuƙi ɓargon. Ta cije leɓe, ko uhm ba ta ce ba. Bayan kamar awa ɗaya aka kawo abin a sirinji, ɗan kaɗan, bai kai cikin cokali biyu ba. Inna ta leƙa ta ce ashe duk wahalar nan a kan wannan ɗan abin ne. Aka ɗura mata a gwiwa. Likitan ya ja mana kunne sosai. Ya ce za ta kumbura kwana uku zuwa biyar, kada mu tsorata. A sa ƙanƙara. Ban da gashi, ban da murza, ban da duk abin da zai huda fata kusa da wurin. In zazzaɓi ya zo a kira shi nan take. Ya ba mu takarda da Turanci, Inna ta ninke ta ta sa a cikin kwalla da muka dawo.

Kwana biyu na yi a Daura na koma Katsina, saboda ɗalibaina na jarrabawa. Kafin in tafi na maimaita wa Inna kada ta bari kowa ya taɓa ƙafar. Na wuce Baba a zaure, na yi masa sallama, ya sa mini albarka. Abin da ya kamata in faɗa masa bai fi jimla biyu ba, na haɗiye na shiga mota.

Rana ta shida Hasana ta kira ni ina cikin aji. Ta ce in zo, jikin Inna ya yi zafi, ba ta gane mutane sosai.

Na iso da azahar. Gwiwar ta yi suntum, tana sheƙi, ja har zuwa cinya. A kanta ga da'ira uku, kowace da layukan tsaga a jere, masu kyau, irin waɗanda hannu ɗaya ne a garin nan ke iya yin su. Hasana ta ce shekaran jiya da hantsi aka yi.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Akwai mutum biyu zaune suna jiran aski, ban ko dube su ba. Ban durƙusa ba. Na tsaya a kan mahaifina na ce masa ya kashe mata ƙafa. Na ce ɓargonta ne aka zuƙo daga ƙashinta aka zuba a ciki, shi kuma ya zo da tsohon ƙahonsa ya lalata komai. Na ce masa shekara takwas yana zubar mata da jini a banza. Duk na faɗa, da muryar da nake yi wa yaran aji tsawa.

Baba ya riƙe askar a sama, bai ajiye ba, bai ci gaba ba.

"Ɓargo?" ya ce. "Wane ɓargo?"

Sai a nan na tuna ni ce na ɓoye masa. Mutanen nan biyu suka tashi suka sa takalmansu.

A asibitin Katsina an shiga da ita tiyata ran nan. Mugunya ce ta cika gaɓar. Sau biyu ana buɗewa ana wankewa, kuma duk abin da aka ɗura a Abuja ya bi ruwan wankin ya fita. Likitan ƙashi ya ce an ceci ƙafar, an ceci rai, amma ɗan guringuntsin da ya rage cutar ta cinye shi. Gwiwar za ta ƙage. Na tambaye shi ƙahon ne ya jawo? Ya ce yana iya yiwuwa. Ya ce yana kuma iya yiwuwa tun a wurin allurar ƙwayar cuta ta shiga, don hakan na faruwa jifa-jifa, wataƙila ma kumburin da ya sa aka yi ƙahon mafarin cutar ne. Babu mai iya rabewa yanzu. Na so ya ba ni amsa ɗaya in riƙe, ko da a kaina za ta faɗa, bai ba ni ba.

Sai da Inna ta yi kwana goma ta dawo hayyacinta sosai. Wata safiya ina ba ta kunu na kasa daurewa.

"Inna, ba na ce miki kada kowa ya taɓa ba? Kina ji likita ya faɗa."

"Na ji."

"To me ya sa kika bari?"

Ta ture kofin a hankali. "Ya shigo ya ga ina hawaye. Ya tafi ya ɗauko zabira. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa janye jikina daga hannunsa ba. In na janye ran nan zai tambayi dalili."

"Sai ki faɗa masa."

"In faɗa masa 'yarsa ta durƙusa a gabansa ta yi masa ƙarya?" Ta juya fuska wajen taga. "Na ce tsaga ce a fata, ba za ta kai ciki ba. Na ce Allah zai rufa asiri."

Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba ta miƙa ƙafarta don kada mahaifina ya ga baƙina. Na fita baranda na yi kuka har wata ma'aikaciya ta zo ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Da aka sallame mu na sami Baba a zaure. Wannan karon na durƙusa har ƙasa. Na roƙi gafara, na gaya masa duk abin da likita ya ce, har da cewa mai yiwuwa ba ƙahonsa ba ne. Ya saurare ni har na gama.

"Na yafe miki," ya ce. "Amma kumburin da ban san asalinsa ba, bai kamata in sa masa aska ba. Mahaifina ya koya mini haka tun ina riƙe masa zabira. Ban tambaya ba, don na ɗauka babu abin da ke jikin matar nan da ban sani ba."

Daga ranar bai sake zuwa kasuwar Mai'aduwa ba. Aski yake yi a zaure, in an zo neman ƙaho ya tura wa wani.

Inna ba ta saduda ba. Wata uku tana fama da motsa ƙafar yadda aka koya mata, tana dafa ƙarfen tafiya daga ɗaki zuwa gindin ƙaramar darbejiyar tsakar gida, gumi na zuba. Ƙafar dama ta tsaya a miƙe kamar taɓarya, ta hagu kuma da aka jibga wa nauyin duka ita ma ta fara kuka. In ta saki ƙarfen ba ta kai ƙirga goma a tsaye. Da Auta ta zo goyon ciki a watanta na takwas, Inna ta sa aka sayo sabuwar garwa, ta sa aka tara itace, ta aika aka duba mata bishiyar da za a riƙa saro ganye. Babu wanda ya iya ce mata ba za ta iya ba. Ni da na fi kowa baki, ni na fi kowa shiru.

Auta ta haihu cikin damina, namiji, lafiya lau. Na ɗauki hutu na zo. Washegari da sassafe Baba da kansa ya hura wuta ya ɗora garwa, sannan ya koma zaure, don nan gaba ba wurin maza ba ne. Ruwa ya tafasa. Inna ta ce a kai ta.

Ni da Hasana muka ɗauke ta a kujerar roba muka kai ta banɗaki. Auta na tsaye da ɗaurin ƙirji tana murmushin ƙarfin hali. Inna ta sa aka matso da bahon ruwan kusa da ita, ta karɓi damin ganye ta jinjina shi, ta cire reshe biyu ta yar, ta ce sun yi tsufa. Fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun kafin Abuja. Ta yi bisimilla ta tsoma.

Fyaɗawar farko ta sauka daidai a bayan Auta. Hannun yana nan yadda yake. Ta biyu ma haka. Amma mai wanka a tsaye takan ja da baya ruwan ya zuba ƙasa, wadda ke zaune kuwa ba ta da inda za ta. Ruwan ya dawo mata a cinya da kan tabon tiyata. Ta cije ta sake tsomawa. Don ta kai kafaɗa sai ta miƙa jiki gaba, kujerar ta goce a jiƙaƙƙen siminti, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ta doki bahon. Na rungumo ta ta baya, Hasana ta tare bahon da hannu biyu. Ruwa mai tururi ya malale ya wuce ta gefen ƙafar Auta, tazarar ba ta fi ɗan yatsa ba.

Auta ta ce, "Inna, ba komai, ci gaba. Sai in durƙusa miki."

Inna ta dubi ƙafar Auta, ta dubi inda ruwan ya bi. Ta daɗe tana kallo.

"Mai ɗanyen jiki ba ta durƙuso," ta ce. Ta miƙa wa Hasana ganyen. "Ki fara da baya, ki sauko ƙugu. Kada ki ji tausayinta, in ruwan ya huce a ƙaro."

"Yaya Zaituna, ki zauna nan kina gaya mini," in ji Hasana.

"Kin iya. Ku mayar da ni."

Na kira matar ƙanena muka ɗauke ta muka mayar ɗaki. Na canza mata zane, na shafa mata man ƙuna a cinya. Ɗakinta na kallon banɗakin, tsakaninsu taku bakwai ne. Muna jin saukar ganyen a jikin Auta, muna jin Auta na jan numfashi ta haƙora, Hasana na ce mata sannu. Inna ta kwanta tana kallon rufi, leɓenta na motsi, na gane ƙirga fyaɗawar take yi. Hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta, ba ta share ba.

Na ce, "Inna, ni na jawo miki."

Ta ce, "Ke, rufe mini ƙofar nan."

Na tashi na rufe. Da yamma da aka sauke garwa ta sake cewa in rufe. Haka muka yi safe da yamma har Auta ta yi arba'in, daga baya ma ba sai ta faɗa ba, da na ji Hasana ta yi sallama nake tashi in jawo ƙofar.